Shekarar Farko ta Zamanin Gudaji

Duk ranar da kuka taru a gidan nan na Salford, ko da Sallah ko da sunan wani jikana, sai na ji ɗayanku ya ja baƙo zuwa kicin yana nuna masa kalandar da ke rataye kusa da taga, yana ba shi labarin yadda Baba ya ajiye aikinsa da kansa ya zauna jinyar Mama. Kukan faɗe shi da daɗi, har ni ma in ji kamar wani mutumin kirki ake nufi. Na daɗe ina yin shiru ina karɓar yabon, don ina son yabo kamar kowa, wataƙila ma fiye da kowa. Amma yanzu gwiwoyina sun fara gaya mini cewa tafiya ta yi nisa, kuma ba na so in bar ku da labarin da aka yi wa kwaskwarima. Ban ajiye aiki da kaina ba. Mamanku ce ta sauke ni, da rabin baki, tana zaune a keken marasa lafiya. Rukayya ta san yawancin abin da zan faɗa amma ta rufa mini asiri duk shekarun nan, saboda haka ku biyun nan na fi nufi, Kabiru da Halima, ku da 'ya'yanku.

Sai na fara da karatun Rukayya, don daga nan abin ya samo asali. Kai Kabiru ka zama likita, ke Halima kika bi sawuna kika zama injiniya, ni kuwa na riga na yanke cewa Auta lauya za ta zama, gidan ya cika. Na kai ta jami'a a Birmingham da wannan niyyar. Shekara ba ta zagayo ba ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ta ce ta koma sashen tarihi, kuma tarihin Japan take so. Na tambaye ta ko muna da dangi a can ne ban sani ba. Mamanku ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Shekara biyar ana wannan karatu, digiri na farko da na biyu, kuma duk tsawon lokacin nan idan abokaina suka tambaye ni bayan sallar Juma'a abin da Auta ke karanta, sai in gyara murya in ce harkokin ƙasashen Asiya. Sai su ɗauka ciniki ne ko diflomasiyya, su jinjina kai, ni kuma in bar su a haka. Ban taɓa tambayarta abin da ke cikin littattafan ba. Na san mutanen can suna ƙera mota mai ƙwari da gada mai kyau, wannan ya ishe ni.

A watan Fabrairu na shekarar da nake ba ku labari, ranar wata Asabar da hantsi, ina falo ina karanta jarida na ji muciya ta faɗi a kicin. Na jira in ji ta yi tsaki ta ɗauka, ban ji ba. Da na shiga na same ta jingine da firji, bakinta ya karkace, tana kallona kamar tana ba ni haƙuri. Wata uku ta yi a asibiti. Da aka sallame ta, ɓarin jikinta na dama bai dawo tare da ita ba, magana kuwa sai kalma ɗaya, a huta, a sake wata. Matar da idan ta fara ba da labari a waya sai abinci ya huce. Muka mayar da ɗakin cin abinci ɗakin kwananta don ba ta iya hawa bene. Hukumar garinmu, wato Council, suka riƙa turo mata masu kula safe da yamma, mata masu kirki da haƙuri, amma kullum sabuwar fuska, kuma ba ta taɓa sabawa da baƙuwa ta tuɓe mata zane ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne cin abinci da hagu. Kai Kabiru ka gaya mata lalura ce, limaminmu ma ya zo ya gaya mata, ta ce ta ji. Duk da haka idan akwai baƙo a gidan sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi.

Akwai wani abu da muka shiga yi a gidan nan ba tare da mun lura ba. Ciwonta ya zama kalandarmu. Idan aka tambayi yaushe aka gyara injin ɗumama gida, sai a ce ai kafin ciwon Mama ne. Yaushe Halima ta haihu? Wata biyu bayan ciwon Mama. Masu zuwa dubiya su ma suka ɗauka, rabon da a ga wance tun ciwon Hajiya, wane ya sayi gida bayan ciwon Hajiya. Ban ga laifin hakan ba, domin a haka na tashi na ga ana yi. Mahaifiyata ba ta taɓa sanin lambar shekarar da ta haife ni ba, cewa take shekarar da fara ta cinye gero, kuma kowa a unguwarmu ya san wace shekara ce. Mu muna faɗa muna wucewa, ita kuwa tana zaune a tsakiyar falo tana jin kowane abin farin ciki na gidan ana auna shi da ranar da ta faɗi.

Rukayya ce ta riƙa hawo jirgin ƙasa kowace Juma'a daga Birmingham, ta koma ranar Litinin da safe. Ita ke yi mata kitso, ita ke yanke mata farce, ita ke tuƙa tuwon da za mu ci har Laraba. Ranakun da take nan Mamanku takan sallami masu kula tun daga ƙofa. A cikin watan Yuni wata jami'a a Japan ta ba Rukayya gurbin digirin digirgir, shekara uku, da komai da komai, irin gurbin da ta ce mutane kan nema sau da yawa ba su samu ba. Suna jiran amsarta kafin ƙarshen wata. A bakin ƙofar gida ta gaya mini, tana ɗaure igiyar takalmi, ba ta ɗago kai ba.

"Baba, ba zan je ba. Zan rubuta musu. I'll move back home."

"Allah ya yi miki albarka," na ce.

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban tambaye ta ko ta yi tunani ba, ban ce mu zauna mu duba wata hanya ba. Ina so ku san abin da ke raina a lokacin, ko da ba shi da kyau: daɗi na ji. A wurin aikina shugaban sashen gadoji zai yi ritaya a ƙarshen shekara, kuma an riga an raɗa mini cewa kujerar tawa ce. Shekara ashirin da wani abu ina kallon kujerar nan, ina ganin yaran da na koya wa aiki suna wuce ni. Kai Kabiru kana da marasa lafiyarka, ke Halima kina da jariri. Auta ba ta da miji, ba ta da aiki, sai wasu sarakuna da suka mutu tun kafin a gina ganuwar Kano. A lissafina na injiniya, ita ce ginshiƙin da babu kaya a kansa, don haka a kanta za a ɗora.

Ranar Asabar ta gaba na tuƙa mota zuwa unguwar Selly Oak a Birmingham don mu kwaso kayanta. Gida ne na ɗalibai, su biyar, takalma sun cika zaure, kicin kuwa gara kada in faɗa. Ban taɓa hawa sama zuwa ɗakinta ba sai ranar. Da na shiga sai na tsaya. Ta haɗa takardu da gam sun zama doguwar takarda guda, ta liƙa ta a bango ta zagaye ɗakin kaf, daga bayan ƙofa, ta wuce saman gado, ta tsallake taga ta dawo. An raba ta gida-gida da jan biro, wani gidan faɗinsa bai kai yatsa biyu ba, wani ya kai kamu guda, kuma a saman kowanne akwai haruffan Japanawa guda biyu da ta zana da hannunta. Aiki ne mai tsafta, da ma'auni daidai. Ni da na ga zanen gini iri-iri, sai da na matsa kusa na duba.

"Wannan fa?"

"Zamunna ne, Baba. A fadar Japan ta dā ba sa ƙirga shekara da lamba ɗaya mai tafiya kamar tamu. Suna ake raɗa wa zamani, sai a ce shekara ta farko ta zamani kaza, ta biyu, ta uku. Idan aka canza suna sai a koma ɗaya."

"Wato idan sarki ya mutu."

"Ba lallai ba. Sarki ɗaya yakan canza sau da yawa. Idan annoba ta zo, ko girgizar ƙasa, ko gobara, sai fada ta ce wannan sunan ya gaji, a sake wani. Ko kuma idan an ga abin alheri. An taɓa canzawa don an kawo wani farin tsuntsu fada. An taɓa canzawa don an samu tagulla a ƙasa. Malaman fada ne ke kawo sunaye, a yi ta gardama, mai sarauta ya zaɓa."

Na ce wato mutum ya sake wa shekara suna sai girgizar ƙasa ta ji kunya ta koma. Ta yi murmushi, irin na wanda ya saba da wannan ba'ar, ta ce ƙasa ba ta ji, amma mutanen da suka rage suna ji. Ta ƙara da cewa ko a watan goma sha ɗaya aka canza suna, marubutan fada sukan mayar da shekarar gaba ɗayanta ta zama ta sabon zamani, tun daga watan farko. Sannan ta fara ɓamɓare takardar daga bango a hankali. Na nuna wani gida da ta zagaye da kore na tambaye ta, ta ce wannan shi ne nata, a kansa za ta yi binciken. Sunansa Yoro. Wata sarauniya ce, kimanin shekara dubu da ɗari uku da suka wuce, ta je wata maɓuɓɓuga a gindin dutse ta wanke hannu da fuska ta ji ciwon jikinta ya lafa, da ta koma fada sai ta sa aka canza sunan zamani. Haruffan biyu kuwa ma'anarsu kula da tsofaffi.

Kunnena ya tsaya a nan, sauran ban saurara ba. Duk hanyar dawowa Salford ina jujjuya abin a raina ina jin daɗi, don na samu hujja daga cikin littafinta. Da muka iso da la'asar, akwatuna na zaure, na shiga falo na samu Mamanku a kekenta kusa da taga. Ba mu gaya mata zancen Japan ba, mun ce Auta ta gama karatu ne ta dawo. Ni da bakina na tona, don ina so in burge.

"Hajiya, kin san 'yarki ta samu gurbi a Japan ta ce ba za ta ba? Saboda ke. Kuma ashe su ma Japanawan nata abin da suka ce ke nan, zamani guda suka raɗa wa suna kula da tsofaffi. Kin ga karatun bai tashi a banza ba, ga shi za ta yi aiki da shi a gida."

Ban taɓa ganin idon da ya yi mini irin kallon nan ba. Ta ɗaga hannun hagu ta yafito Rukayya, ta nuna mata ƙasa kusa da keken.

"Faɗa. Duka."

Rukayya ta zauna ta ba ta labarin tun daga farko, sunaye da annoba da farin tsuntsu da mayar da shekara baya, har zuwa sarauniya da maɓuɓɓuga. Ta ce da aka shelanta sabon sunan, sarauniyar ta ba da umarni a raba wa tsofaffin ƙasar tufafi da hatsi, a duba marasa lafiya da waɗanda ba su da mai taimako. Mamanku ta saurara idonta a rufe. Da aka gama ta daɗe tana haɗa kalma, muna jira, don mun koyi kada mu ƙarasa mata magana.

"Wa... ya raba?"

"Sarauniyar, Mama. Daga rumbun fada."

"Ba... autarta ba?"

Rukayya ta sunkuyar da kai. Mamanku ta juyo da keken da ƙafarta mai lafiya har ta fuskance ni.

"Alhaji. Gidan nan. Wa ke... sarauta?"

Kun san sau nawa na faɗi wannan maganar a gidan nan. Idan an yi gardamar tashar talabijin, ni ne sarkin gidan nan. Idan an yi gardamar inda za a je hutu, ni ne sarkin gidan nan. Shekara talatin da uku tana jina tana cewa ranka ya daɗe, ashe ajiyewa take. Na ce mata ai abin ba haka yake ba, akwai aiki, akwai kujerar da ta san na daɗe ina jira, kuma namiji ina ya iya jinyar mace. Na yi ta magana, da Hausa da Turanci. Ta bar ni na gama, sannan ta nuna bakinta, ta nuna Rukayya, ta girgiza kai.

"Hannunta... ban ci."

Na ɗauka fushi ne na yini ɗaya. Da magariba Rukayya ta kawo tuwo da miyar kuka, ta kau da kai. Washegari ta sha shayi don ta haɗiye magani, shi ma sai da mai kula ta haɗa mata, amma duk abin da ya fito daga hannun Rukayya ba ta ko kalle shi ba. Yarinyar nan ta durƙusa tana kuka tana cewa ita ta zaɓa da kanta, babu wanda ya tilasta mata, uwar ta shafa mata kai da hagu ta ci gaba da rufe baki. Kai Kabiru ka tuna ka zo ranar Litinin ka auna ta ka yi mana faɗa, ka ce mai irin ciwonta ba ta wasa da abinci, kuma aka ce maka ba ta jin daɗin baki ne. Ƙarya muka yi maka. Ni kuwa na hau dokin zuciya, na ce ba za a juya ni a gidana kamar waina ba. Na tafi aiki ranar Litinin, na tafi ranar Talata, ina zaune gaban zanen wata gada ban ga ko layi ɗaya ba. Amsar Japan kuwa ranar Juma'a ce iyakarta, kuma Rukayya ta riga ta rubuta wasiƙar ƙin karɓa, sai dai ba ta aika ba.

Ranar Talata da na dawo na je fitar da shara, sai na ga doguwar takardar nan a naɗe cikin kwandon takardu, an cusa ta tsakanin kwalayen madara. Shekara biyar na aikin yarinya. Na ciro ta na buɗe kamu biyu a kan murfin kwandon, na ga ƙananan rubutunta a ƙarƙashin kowane gida, wani da Turanci, wani da haruffansu, can a gefe kuma da Hausa ta rubuta wa kanta, ki dage Rukayya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na naɗe ta na shigo da ita, na ajiye a kan teburin kicin, na cire kwat na naɗe hannun riga. Rukayya ta shigo ta ce me nake nema, na ce muciya. Ta ce bari ta yi, na ce ta fita, kuma kada ta gaya mini komai, don kada uwar ta ce da hannunta a ciki.

Na sha ganin ana tuƙa tuwo, kuma a ganina ba wani abu ba ne, ruwa ne da gari da juyawa. Ban san ana fara yin talge ba. Ruwa na tafasa na juye garin shinkafa gaba ɗaya, ya dunƙule, na yi ta fama da shi kamar mai kwaɓa siminti har gumi ya jiƙa mini riga. Abin da na kwashe a kwano ba shi da siffar malmala, kuma ko daga nesa kana ganin gudaji a jikinsa, wasu idan ka fasa garin ne fari fat a ciki. Miyar ma ban taɓa ta Rukayya ba, na kaɗa tawa, ta fito tsululu. A daidai lokacin ke Halima kika iso da mijinki da jariri, ga kuma maƙwabciyarmu Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi, ta shigo dubiya. Na so in ɓoye kwanon, amma Mamanku ta riga ta hango. Ta nuna teburin da ke gabanta.

Na ajiye na wanke mata hannu. Falo cike da mutane, har da suruki, matar da wata biyu ba ta yarda baƙo ya ga ta ci da hagu ba ta yi bisimilla ta gutsura. Ta tauna, ta tsaya, ta ciro wani gudaji daga bakinta ta ɗaga shi sama ta duba shi ta kowane gefe, ta ajiye a bakin kwano. Ta sake gutsura. Sai da ta ci rabin kwanon, ta jera gudaji bakwai a gefe, na ƙirga. Hajiya Memuna ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Sannan Mamanku ta dubi Rukayya.

"Aika. Ki ce... kina zuwa." Ta nuna kalandar kicin. "Kawo."

Aka ciro aka kawo mata da biro. Ta ce an canza zamani a gidan nan, daga yau ba ta son ta ƙara jin kafin ciwon Mama ko bayan ciwon Mama. Ta ɗauki kusan minti biyar kafin ta gama faɗin wannan, babu wanda ya motsa. Rukayya tana share hawaye tana dariya ta ce to ai sai malaman fada sun kawo sunaye. Ke Halima kika ce Sauƙi, mijinki ya ce Albarka, ni kuma don in farfaɗo da mutuncina na ce Haƙuri. Mamanku ta saurari kowa kamar gaske, ta girgiza kai, ta ɗauki ɗaya daga cikin abin da ta jera a bakin kwano.

"Gudaji."

Ta miƙo mini biro ta ce in rubuta. Na buɗe shafin Yuni, ta buge mini hannu, ta yi ta mayar da shafuka baya da yatsa har Janairu. A nan na rubuta, shekara ta farko ta zamanin Gudaji. Ta sa na bi kowane wata na rubuta. Da muka zo Fabrairu hannuna ya tsaya, don ga ranar nan ta Asabar da wani ya zagaye da baƙin biro. Ta ɗora hannunta a kan nawa ta danna, na rubuta a kai.

Washegari na shiga ofishin shugabana na gaya masa zan tafi. Ya ce in ɗauki hutu in yi tunani, na ce idan na yi tunani ba zan tafi ba. Kujerar aka ba wani yaro da ni na koya masa duba tsatsa a ƙarƙashin gada. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Shekara biyu idan na hau taragon cikin gari muka bi ta kusa da ofishin sai in kau da kai. A masallaci wasu suka laƙaba mini Alhaji Muciya, wasu suka ja ni gefe suka ba ni shawarar da kun san irinta, na gode musu. Abin da ya fi wuya ba girki ba ne, Hajiya Memuna ta koya mini talge cikin sati guda tana yi mini tsiya. Wanka ne. Shekara talatin da uku da aure, ranar farko da na ɗaura mata tawul na zaunar da ita a kujerar banɗaki, daga ni har ita bango muke kallo kamar sababbin aure. Na koyi shafa mai, na koyi ɗaura zane ta yadda ba zai kwance a keke ba. Ɗaurin ɗankwali ne dai har ta bar duniya ba ta taɓa ba ni maki ba, kullum sai ta duba madubi ta ce kamar an naɗe ciwo.

Rukayya ta tafi a watan Oktoba. A shekara ta biyu ta je har maɓuɓɓugar nan ta ɗebo ruwan a 'yar kwalba ta kawo da hutu. Mamanku ta karɓa ta yi godiya, ta ce ita Zamzam ta sani, ta sa na zuba wa na'ana'ar da ke taga. Rukayya kuwa yau ga ta tana koyar da abin nan a jami'a, kuma idan an tambaye ni a masallaci nakan faɗi sunan karatun dalla-dalla har mai tambaya ya gaji.

Tuwona ya daina gudaji tun a shekara ta uku. Na yi ta kai ƙara cewa sunan nan ya zama ƙazafi, a canza. A shekara ta tara, lokacin da jikinta ya fara ja baya, ina ba ta abinci a baki na sake tayar da maganar don in sa ta dariya. Ta ce in ɗauko takardar Rukayya, wadda tun ranar nan take liƙe a bangon ɗakin Mamanku. Ta nuna mini ƙananan gidajen nan masu faɗin yatsa biyu ta ce me ya sa suka gajarta, na ce masifa ce ta zo aka canza. Ta nuna wani dogo ta dube ni.

"Wannan fa?"

"Babu abin da ya faru da zai sa a canza."

"To," ta ce, ta buɗe baki in ba ta loma ta gaba.

Ta rasu a ƙarshen shekarar. Bayan an share makoki, kai Kabiru ka ce ko za a sauke kalandar don kada ta riƙa tayar mini da hankali, na ce a bar ta, ban gaya maka dalili ba. Dalilin ke nan. Wadda ta raɗa sunan ita ke da ikon canza shi, kuma ta duba ta ce babu abin gyarawa. Makon jiya na sayo sabuwar kalanda a shagon da ke kan kwana, na zauna a teburin kicin na bi ta wata-wata, tun daga Janairu. Idan kun zo za ku gani, shekara ta goma sha huɗu.